Harshen Baƙo a Gaban Kyamara

Aikin farko da aka biya ni a harkar fim a Ingila shi ne in motsa baki ba tare da na fitar da sauti ba. An zaunar da ni a wani teburi can ƙuryar fage tare da wata dattijuwa Baturiya wadda ban taɓa gani ba, aka ce mu yi kamar muna hira mai daɗi, amma kada a ji ko tarinmu, domin makirufo yana kan jarumai biyun da ke gaba. Tun ƙarfe shida na safe muke wurin, kuma sau goma sha ɗaya aka maimaita ɗaukar, ina ta gyaɗa kai ina dariyar da ba ta da murya, har dattijuwar ta raɗa mini a lokacin hutu cewa ita shekararta ashirin tana wannan aiki. Da shirin ya fito a talabijin, kafaɗata ta hagu da rabin kunnena kawai aka gani. Wannan ya faru a ƙarshen 2007, kuma daga ranar zuwa yau, duk wani faɗi-tashi da na yi a wannan sana'a a kan bakina ya ƙare: yaushe za a bar ni in buɗe shi, da wane karin harshe, kuma maganar wa zan faɗa da shi.

Na sauka a filin jirgin sama na Heathrow a watan Satumba na 2003, ina da shekara 26, da bizar ɗalibi da takardar shiga karatun akanta. Wasan kwaikwayo kuwa tun ina sakandare ya shiga jinina, har na yi shekaru ina hawa dandamali da wata ƙaramar ƙungiya a gida, amma mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba, domin a wurinsa abin da aka kira wasa, wasa ne. Ina isowa na tarar doka ma tana bayansa. Ɗalibi baƙo yana da izinin aikin sa'a 20 a mako lokacin karatu, amma an hana shi aikin nishaɗantarwa na sana'a, an kuma hana shi cin gashin kansa, alhali kusan kowane ɗan wasa a ƙasar a matsayin mai cin gashin kansa ake lissafa shi. Saboda haka shekara huɗu na yi ina karatu da rana, ina gadi a wani ginin ofisoshi dare biyu a mako, ranar Laraba da yamma kuma in je wani zauren unguwa inda wasu masu sha'awa ke haɗuwa suna wasa ba don kuɗi ba.

A wannan zauren na fara gane girman abin da ke gabana. Turancina na takarda ba shi da makusa, har nakan gyara wa 'yan ajinmu rubutu, amma da zarar na buɗe baki a dandamali sai in ga fuskokin masu kallo sun ɗan canza, sun bar sauraron abin da nake faɗa sun koma sauraron yadda nake faɗarsa. Ba su yi mini wulaƙanci ba, mutanen kirki ne, sai dai duk wasan da za a yi, ni ne baƙon da ya shigo daga nesa, ko mai kawo saƙo, ko mai tsaron ƙofa.

A 2007 na auri wata haifaffiyar Landan, takarduna suka canza, hanin ya faɗi. Shekara biyu bayan haka na zauna jarrabawar sanin rayuwa a Birtaniya, mai tambaya 24 cikin minti 45, na samu izinin zama na dindindin. Cikin wannan tsakani na zama ɗan cika fage sosai, wato mai fitowa a bayan jarumai ba tare da magana ba, na shiga taron kasuwa da na kotu da na tashar jirgin ƙasa, har na yi makonni a ɗakunan ɗaukar fim na Pinewood, inda na ga titi guda da aka gina da katako da fenti, mutum ya rantse an yi shekara ɗari ana zama a cikinsa. Ɗan cika fage yana da iyakarsa: ba ya yi wa jarumi magana sai in jarumin ne ya fara, kuma mataimakin darakta na uku ne ke ba shi umarni, ba darakta ba. Abin da ya fi damuna shi ne wannan aiki ba ya hawa da mutum ko taki ɗaya. Kundin Spotlight, wanda tun 1927 masu zaɓen 'yan wasa ke dubawa, a lokacin ba ya karɓar mutum sai wanda ya fito daga makarantar wasa da aka amince da ita, ko wanda ya riga ya yi ayyukan da ya yi magana a ciki aka biya shi, kuma cika fage ba ya shiga lissafi. Wato ba za ka samu aikin magana ba sai kana cikin kundin, ba za ka shiga kundin ba sai ka yi aikin magana. Da gajerun finafinai da ƙananan wasannin dandamali na lallaɓa na tsallake wannan shinge, sannan na yanki katin Equity, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa da aka kafa a 1930, na kuma samu wata ejan, wato wakiliya mai nemo wa 'yan wasa aiki, mai ƙaramin ofis da ta yarda ta ɗauke ni bisa kamasho.

Ita ce ta ce mini, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, in je a gyara mini harshe. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura, don haka na nemi wata malama mai koyar da lafazi, na yi kusan shekara uku ina zuwa gidanta. Duk Bahaushe ya san inda gizo ke saƙar: harafin "p" da "f". Mu da leɓɓa biyu muke furta namu, wani abu tsakanin wannan da wancan, shi ya sa Bature ke jin mun juya masa kalmominsa. Malamar takan riƙe siririyar takarda a gaban bakina, ta ce idan na faɗi "p" dole takardar ta yi tsalle, idan kuma "f" ne sai haƙoran sama su sauka a kan leɓen ƙasa iska ta fita a hankali. Mutum mai shekara talatin da ɗoriya, magidanci, yana zaune a gaban madubi yana hura takarda kamar yaron da ake koya wa tatata. Bayan wannan sai "v" da "b", sai sautin nan da ake sa harshe tsakanin haƙora, sai kuma abin da ya fi duka wuya, wato kiɗan magana, domin mu da hawa da saukar murya muke rarrabe ma'ana, su kuwa da danna gaɓa ɗaya su haɗiye sauran. A wurin gadi da dare nakan zaga benaye ina maimaita jimloli ni kaɗai, kuma na tabbata mai duba kyamarorin tsaro ya ɗauka na samu taɓin hankali.

Fitowata ta farko mai magana a talabijin ta zo a 2009, a wani shirin 'yan sanda mai dogon zango, inda na fito a direban tasi mai jimla uku. Daga nan ayyuka suka fara ɗigowa, kuma har yau ina ajiye da takardun. Ga abin da aka rubuta a gurbin suna: Direban Tasi, Mai Neman Mafaka, Ɗan Tawaye na Biyu, Mai Shara a Asibiti, Ɗan Damfara, Ɗan Tawaye na Ɗaya. Matata takan yi mini ba'a cewa aƙalla an yi mini ƙarin girma daga na biyu zuwa na ɗaya. Sau bakwai aka kashe ni a gaban kyamara cikin shekara huɗu, ba a taɓa nuna wanda ya yi kukan mutuwata ba.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta wani gwajin tantancewa a unguwar Soho. Na shiga na karanta rabona da lafazin da na sha wahalar koyo, tsaf, babu tuntuɓe ko ɗaya, ina jin daɗin kaina. Mai tantancewar ta yaba, sannan ta ɗan yi jim ta ce, ko zan iya sake yi da muryar Afirka sosai? Na koma na yi da muryata ta asali, wadda na zo da ita daga gida. Ta ce ba haka take nufi ba, ita wadda ta fi nauyi take so, irin wadda ake ji a finafinai. Sai na fahimci abin da take nema wani karin harshe ne da babu ƙasar da ake yin sa, wanda aka harhaɗa daga gabas da kudu da yammacin nahiyar, 'yan wasa suka yi ta kwaikwayon juna har ya zama shi kunnen masu kallo ya sani. Na yi mata shi, na kuma samu aikin. A jirgin ƙasa na komawa gida na lissafa, na ga ina da harshe uku a baki: na aro don in zama ɗan gari, na ƙarya don in zama ɗan Afirka, da nawa na gaskiya wanda babu mai saye.

Wannan aikin ne ya kai ni Afirka ta Kudu a 2011, inda aka ɗauki wani fim na yaƙi a wajen birnin Cape Town, aka mayar da wurin wata ƙasa da ba a ambaci sunanta ba. A wani sin ana so in tsaya a bayan mota in yi wa mayaƙana tsawa, amma babu abin da aka rubuta mini, sai darakta ya ce in faɗi ko mene ne da yarena. Na tambaye shi me ake so maganar ta ƙunsa, ya ɗaga kafaɗa ya ce fushi kawai. Rana ta take, mun gaji, ni kuma raina ya ɓaci, sai na ɗaga bindigar roba na daka tsawa da Hausa: "Jama'a, ƙishirwa nake ji! Wa ya ɗauke mini takalmi? Ku tashi mu tafi gida!" Aka tafa mini, aka ce ya yi kyau ƙwarai, haka kuma ya fita a fim ɗin, an rubuta a ƙasa cewa mutumin yana ihu da harshen waje. Abokaina da suka gani sun yi ta kira suna dariya har da hawaye, ni ma na taya su. Daga baya ne abin ya dawo yana cina, domin na ga cewa darakta bai damu da abin da harshena ke faɗa ba, ni kuma na nuna masa yana da gaskiya.

Wanda ya daidaita mini tunani wani dattijon ɗan wasa ne ɗan asalin Karebiyan, wanda muka yi kwana uku muna jira tare a motar hutawa a wani aiki. Shi ya fara ba ni labarin Orlando Martins, wanda aka haifa a Legas a 1899, ya zo Landan a 1917, ya yi dako da kokawa kafin ya zama sanannen ɗan wasa a finafinan Birtaniya na shekarun 1940, da kuma Earl Cameron ɗan tsibirin Bamuda, wanda ya iso a 1939 ya kuma ja ragamar fim a 1951, lokacin da ba a saba ganin baƙar fata a irin wannan matsayi ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, to su yaya suka jure?" Ya ce mini su ma sun sa rawanin sarkin ƙauye da ɗan kamfai na fata sun fito, domin haya ba ta jira, amma kowannensu yana da abin da ba ya yi, kuma ya kamata in san nawa tun kafin a tambaye ni, domin a gaban mai ba da aiki ba wurin yin shawara ba ne.

Nawa ya zo a 2013. An turo mini rol mai tsoka, kashi huɗu na wani shiri, kuɗin da ban taɓa riƙe irinsa ba, amma mutumin da zan fito a matsayinsa an rubuta shi yana idar da salla ya shafa addu'a sannan ya tashi ya je ya hallaka bayin Allah, kuma babu wani Musulmi a labarin gaba ɗaya sai shi. Na ce ba zan yi ba. Ejan ɗita ba ta yi faɗa ba, ta dai tuna mini cewa akwai mutum talatin da za su karɓa kafin la'asar, kuma gaskiyarta ne. Wata takwas na yi ban ga aiki ba, ga jaririya a gida. Ba na zargin wanda ya karɓa, na san shi, yana da 'ya'ya uku, kuma ni da na yi ɗan tawaye har sau biyu ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi. A wannan zaman ne na fara aikin tafinta na Hausa a kotuna da asibitoci, aikin da har yau shi ne ginshiƙin gidana.

A shekarun da suka biyo baya magana ta fito fili. Ɗan wasan barkwanci Lenny Henry ya yi jawabi a BAFTA, cibiyar karrama finafinai da talabijin ta Birtaniya, a 2014 kan ƙarancin baƙaƙen fata a talabijin ɗin Birtaniya, jarumi Idris Elba kuma ya yi wa 'yan majalisa irin wannan magana a watan Janairu na 2016, shi da sai da ya ƙetara Amurka kafin a san darajarsa a gida. An samu sauyi, ba na musu, an fara ganin baƙin likita da baƙin alƙali da baƙin sufeto. Sai dai a ganina yawancin ƙofofin da aka buɗe na waɗanda aka haifa a can ne, masu fata irin tawa da harshe irin na 'yan gari. Wanda ya zo da girmansa, da karin harshensa a baki, har yanzu labarin zuwansa kawai ake so ya ba da, kamar ba ya yin komai a duniya sai isowa.

Abin da ya juya mini al'amura ƙaramin wasa ne da wata matashiya ta rubuta a kan mahaifinta, baƙo mai gadin dare, muka kai shi bikin wasanni na Edinburgh a watan Agusta na 2016, muna yi a wani ɗaki da bai ɗauki mutum sittin ba. A ranar farko ta atisaye na tambaye ta da wace murya take so in yi, ta dube ni da mamaki ta ce da wadda nake yi mata magana yanzu. Sai da na yi mako guda kafin in iya, domin da zarar na hau dandamali bakina da kansa yake komawa ɗaya daga cikin na aron nan biyu. Wata mai zaɓen 'yan wasa ta ga wasan, kuma ta hanyarta na samu fitowa a 2018 a wani shiri mai kashi shida, a matsayin mai harhaɗa magunguna, uban 'ya'ya biyu, mutum mai suna da sunan mahaifi da rigimarsa da maƙwabci a kan shinge.

A kashi na huɗu akwai inda mutumin ke kiran mahaifinsa a waya. Na roƙi marubucin ya bar ni in yi da Hausa, bisa sharaɗin ni zan fassara maganar kuma a rubuta ma'anarta a ƙasan allo kalma da kalma, ya yarda. Mahaifina ya rasu tun 2010, kuma maganarmu ta ƙarshe a kan sana'ata ita ce da ya ce, "Na tura ka karatu, ka je ka zama ɗan wasa." Ranar ɗaukar aka miƙo mini waya wadda ba kowa a cikinta, aka yi tsit, na kara a kunne na ce, "Baba, barka da dare, kun yini lafiya? Ina nan ina ƙoƙari." Jimlar ƙarshen ba ta cikin rubutu. Darakta bai tsayar ba, mai riƙe da makirufo kuma, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, ya kawar da kai. Sau ɗaya aka ɗauka. Da ƙanena ya nuna wa mahaifiyata wannan wuri a waya, ta kira ni, na ce, "Inna, kin gani?" Ta ce ta gani, amma na rame, kuma me ya sa na gaishe da mahaifina a tsaye.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan kakata ta yanke saƙa. A watan Maris na 2020 aka rufe gidajen wasa saboda annobar korona, aka dakatar da ɗaukar finafinai, na koma raba kaya gida-gida da mota. A 2023 kuma yajin aikin 'yan wasan Amurka, wanda ya kai kwana 118, ya tsayar da manyan ayyuka da dama a Ingila, ciki har da wanda na riga na sa hannu a kansa. A shekara mai kyau nakan yi kwana arba'in ko hamsin a gaban kyamara, sauran kwanakin ina kotu ina juya maganar wani daga Hausa zuwa Turanci, kuma a can ne na koyi yadda mutum ke yin shiru kafin ya faɗi abin da yake jin kunyarsa, abin da babu malamin wasan da ya koya mini.

Tun bayan annobar ba a cika kiran mutum gwaji ido da ido ba, sai dai a turo maka shafi biyu ko uku ka ɗauki kanka da waya ka aika. Na rataya shuɗin ƙyalle a bangon ɗakin kwananmu, 'yata mai shekara goma sha biyu ita ke tsayawa bayan wayar tana karanta rabon ɗaya mutumin da Turancinta na 'yan Landan. A makon jiya muka ɗauki wani na malamin makaranta, rol mai suna, ba a kuma rubuta ƙasar da ya fito ba. Muna gamawa ta ce, "Abba, a jimla ta uku ka sake juya harafin nan, mu sake?" Na kalli abin da muka ɗauka sau biyu, na ga wurin da take nufi, na kuma ga cewa a daidai nan ne idon malamin ya yi abin da nake so ya yi. Na ce mata a bar shi haka, ta tura wa ejan. Har yanzu ba su amsa ba, gobe kuma ina da zaman kotu da ƙarfe goma na safe.